Wayar Dogo a Jakar Shaida

Masu bibiyata, na ga saƙonninku. Wata ta ce in ban fito na yi bayani ba za ta kai ni ƙara, wata kuma ta ce tana zargin Dogo ya sace ni. Ku kwantar da hankalinku, ba wanda ya sace ni. Ina nan zaune a bakin gadona, ko rigar da na je makaranta da ita ban cire ba. Abin faɗin ne ya yi min nauyi a baki. Wadda yau ta fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, daga ni sai Mama tun da Baba ya rasu bara. Ina kwas a wata cibiya inda ake koya mana binciken waya da kwamfuta don kai hujja gaban kotu. Dogo shi ne mutumin da nake shirin aura, ko in ce wanda nake shirin aura har zuwa makon nan.

Tun da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Mutane sun yi ta yabon haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Kun san yadda ƙafa take yi in an daɗe ana zaune a kanta, a mintsine ta ba ta ji? Haka ƙirjina ya koma. Ina ci, ina wanka, ina gaishe da mutane, in aka yi abin dariya in buɗe haƙora don kada a ce ina da girman kai. Amma komai daga nesa yake iso min.

Wataƙila shi ya sa kwas ɗin ya karɓe ni. Malaminmu tsohon ɗan sanda ne, gajere, gilashinsa kullum a ƙarshen hanci. Mun raɗa masa Malam Kar-a-taɓa, don da wannan kalma yake buɗe darasi, da ita yake rufewa. A wurinsa waya mai ba da shaida ce, duk wanda ya kama ta yana latse-latse kuwa ya sa mata magana a baki. Da an miƙo miki waya, ki yanke mata sabis, kada wani saƙo ya shigo ko wani daga nesa ya goge abin da ke ciki. Ki sa ta a jaka mai hana sabis shiga, ki manne bakin jakar, ki rubuta wa ya ba ki, a ina, da yaushe, mai ita kuma ya sa hannu cewa da yardarsa. A ɗakin bincike ki kwafe duk abin da ke cikinta, aikinki a kan kwafin yake, ita kuma ta koma jaka.

"Alƙali ba ruwansa da abin da zuciyarki ta raya miki," in ji shi. "Me kika gani, ta yaya kika gani, wa ya taɓa kafin ke. In tausayi ya kama ki, fita waje ki ji shi, ki wanke fuska ki dawo."

Ni ko fita wajen ba na buƙata. In aka buɗe wasu hotuna na tsofaffin shari'o'i 'yan ajinmu sukan kau da kai, ni sai in kalla in rubuta musu lamba. Malam ya taɓa cewa na fi kowa natsuwa a ajin, na ce na gode.

A gida kuwa, Mama tana fama da hawan jini. Baba ne mai tuna mata magani, yakan ƙwanƙwasa kofi da cokali ya ce, "Uwargida, likita yana kira." Da ya tafi sai na sa mata ƙararrawar magani a waya, na ƙara mata girman rubutu saboda idonta. Har yau ba ta iya kashe ƙararrawar ba, ko kuma ta iya ba ta so. Da ta fara ƙara sai in ji, "Auta, zo ki kashe min wannan abin." Ta kuma sa na saka mata layin Baba a wayar, kusa da nata. Kamfani sun daɗe da rufe layin, amma ta hana a cire.

Dogo injiniya ne a wani kamfanin gina gada. Sai ya rusuna yake shiga ƙofar falonmu, magana kuma sai ya auna ta kamar siminti. Kamfaninsu za su mayar da shi wani birni mai nisa, tafiyar wuni guda a mota, maganar da ake ciki ita ce bayan aure can za mu tare. Mama ba ta taɓa cewa a'a ba. In maganar ta taso sai ta ce Allah ya sa alheri, ta ƙara ƙarar talabijin.

Ranar Asabar Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba. Turarenta ne yake fara yin sallama kafin ita. Ta sha leshi ruwan goro da mayafi mai duwatsu, ga jakarta da za ta iya ɗaukar jariri. Na shigo daga shanya na same ta a kujerar Baba, wadda ba mai zama a kai, Mama kuma tana gefe tana ninke kayan wanki.

"Auta, zo nan. A'a, nan kusa da ni."

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Wata baiwar Allah ce ta turo min abu, ta ce in rufa mata asiri. Na tura miki, duba wayarki."

Hoton hira ne, irin wanda ake ɗauka daga fuskar waya. A sama ga hoton Dogo da farar hular aikinsa, ga suna an rubuta "Dogona". Macen tana tambayar sa matsayinta. Shi kuma ya amsa: "Ki kwantar da hankalinki, da na koma can ke ce. Waccan tausayinta kawai nake ji tun da babanta ya rasu."

Sau ɗaya na karanta, na kife wayar a cinyata.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo. "Gani ya kori ji."

"Gwaggo, hoto ne. Hoton hira ba hujja ba ne, kowa zai iya haɗa shi."

"Ji min yarinya. Yaya, kina jin ta? An ce mata ga maciji a ɗaki, tana cewa a nuna mata takardarsa. To ruwa dai ba ya tsami banza. Ki sallame shi tun da mutuncinki, maza ba su ƙare ba."

Mama ba ta ɗago ba. Rigar da ke hannunta ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ni dai ba na so a wulaƙanta min ke a garin da ba ki da kowa," ta ce.

Bakina ya ce hoto ba hujja ba ne, amma kalmar nan ta tausayi ta samu wurin zama. Don in faɗa muku gaskiya, na daɗe ina tambayar kaina me Dogo yake gani a jikina. Mutum ya zo da labari mai daɗi ki ce masa "to", ya kawo miki turare ki ce "an gode", ya yi shiru ke ma ki yi. Wa zai zauna da irin wannan in ba don tausayi ba? Ban ji haushi ba, ban ji kishi ba. Na ji kamar an karanta min sakamakon da na riga na sani, ban kuma sake buɗe hoton don in kalle shi ba.

Washegari da yamma ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba, na rataya jakar makaranta don ita ce a kusa. Na same shi a mota a ƙofar gida, farar shat ya nannaɗe hannunta, takalmin aikinsa da busasshiyar laka. Ya fara ba ni labarin wani lebura da ya faɗa kwalbati da abincinsa a hannu bai zubar ba. Na bari ya gama, na buɗe hoton ina kallon titi, na miƙa masa.

Ya karanta ya yi dariya. Ya sake karantawa, dariyar ta ɗauke.

"Ni na rubuta wannan?"

"Ban ce kai ne ba."

"Ba ki kuma ce ba ni ba ne."

Na karɓi wayata. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ɗora min a cinya.

"Ga ta nan. Lambar buɗewa ranar haihuwarki ce. Duba duk abin da kike so."

'Yan uwa mata, na san abin da kuke cewa. Kowace mace ta san abin da ake yi a nan. Tura masa kayarsa ake yi a ce, "Haba, abin bai kai nan ba." Ko a ɓata rai, ko a yi ɗan kuka, ko ma a buɗe a duba sama-sama ana harararsa. Yanzu ni ma na sani. Amma a lokacin hannuna ya riga kaina. Kafin in yi tunani na ja saman wayar na danna alamar jirgin sama, sabis ya yanke. Dama a makon Malam ya ce kowa ya nemo wayar wani da yardar mai ita, mu yi mata aiki tun daga karɓa har gaban kotun gwaji, don haka jakar shaida da takardar suna cikin jakata. Na zura wayar, na manne baki, na duba agogon motarsa na rubuta lokaci. Sannan na miƙa masa takarda da biro.

"Mene ne wannan?"

"Takardar yarda. Nan za ka sa hannu, da nan."

Ya ɗan yi murmushi, yana jiran in yi ni ma. "Ranki ya daɗe, an kama ni ke nan?"

"Ba kamu ba ne, ƙa'ida ce. In ba a bi ta ba, ba wanda zai yarda da sakamakon."

"Wa kike so ya yarda?"

"Gwaggo. Da Mama."

"Ke fa?"

Na nuna masa layin ƙasa na ce, "Nan kuma kwanan wata."

Ya ɗora takardar a kan sitiyari ya sa hannu wuri biyu, ya rubuta kwanan wata, ya rufe biron ya mayar min. Ya ce in gaida Mama. Ni a raina har ina ganin na yi masa gata, tunda zan wanke shi wankin da ba mai iya musawa.

Ɗakin bincikenmu ba taga, sanyin na'ura kamar firji, tebura farare a jere. Litinin da safe na sa safar hannu, na ɗauki hoton jakar kafin in buɗe, na jona wayar da kwamfuta. Ta gama kwafa ta fitar da wata doguwar lamba, wadda ita ce kamar zanen yatsan kwafin: ko harafi ɗaya aka canza a ciki, lambar za ta canza, a gane an taɓa. Na rubuta ta tsaf, na mayar da wayar jaka, na manne da sabon tambari.

Na nemi kalmomin hirar ɗaya bayan ɗaya. Babu. Na shiga inda saƙonnin da aka goge suke barin sawu. Babu. Na duba ranar da hoton ya nuna, a wannan lokacin Dogo yana musayar saƙo da mai kawo musu ƙarfe, suna rigima a kan tirela da ta maƙale. Sai na nemi kalmar "koma can", don in rufe aikin.

Abin da ya fito saƙo ne zuwa ga ogansa, tun watan jiya. "Ranka ya daɗe, ina roƙon a bar ni a ofishin nan ko da za a rage min matsayi. Mahaifiyar wadda zan aura ba ta da lafiya, kuma ba ta da kowa a gida sai ita. Ba zan koma can da ita in bar tsohuwa ita kaɗai ba." Ogan ya amsa cewa an amince, amma kujerar can tana nan in ya canza shawara. A ranar kuma akwai hotunan wani ƙaramin gida mai koren ƙyaure, wanda nake wucewa kullum in zan hau mota, a bayan layinmu. Ya tura wa ƙanwarsa su ya rubuta: "Kar ki gaya mata. So nake in kai ta ta gani da idonta, ko Allah zai sa in ga dariyarta."

Na ji wani abu ya ƙwanƙwasa, amma can nesa, kamar a ƙofar maƙwabta. Na ba saƙon lamba, na rubuta a rahoto cewa bai shafi binciken ba, na cire safar hannu na jefa a kwando.

Laraba aka yi kotun gwaji. Ajinmu ne aka juya kujeru, ɗaya daga cikinmu ya zama alƙali, Malam kuma lauyan da zai yi wa mai shaida tambayoyi. Na sa baƙar riga da farin mayafi, na tsaya da rahotona. Tambayoyin farko duk na tsallake su: ta yaya na karɓa, ina tambarin, lambar ta dace ko ba ta dace ba. Malam yana gyaɗa kai. Sai ya ture gilashinsa sama.

"Me ya sa kika karɓi wayar?"

"Don in gano ko an yi wata hira da ita. An kawo hoton hirar."

"Me kika samu?"

"Ban samu alamar hirar ba, ko a cikin abin da aka goge."

"Mai wayar, mene ne naki?"

Na ce, "Wanda zan aura ne."

Wata a baya ta ce "kai", alƙalinmu ya buga tebur da murfin biro. Malam bai yi dariya ba.

"Da a kotun gaske ne, a nan zan zauna, don kin gama kashe shaidarki da bakinki. Ba a binciken na gida. Amma bari in ƙara ɗaya. Hoton da ya jawo duk wannan, ina rahotonsa?"

"Ban yi masa rahoto ba."

"Kin bincike shi?"

"A'a."

"Sau nawa kika kalle shi?"

"Sau ɗaya."

Ya sauke gilashin, ya rage murya, ba irin ta lauya ba. "'Yata, kin shiga ɗakin mutum kin ɗaga masa katifa, kin zazzage masa akwati, alhali abin da aka kawo miki yana cikin jakarki ba ki buɗe ba. Kafin ki karɓi kayan kowa, ki ƙare da abin da ke hannunki. Kuma na sha gaya muku, hoto daga gefe ake fara karanta shi. Tsakiya maƙaryaci yake gyarawa, gefe mantawa yake yi. Za ki sake aikin da wata wayar."

Na ce to. Wanzami dai ba ya son jarfa, na iya kallon abin da ya rusa gidajen mutane ido buɗe, nawa layi biyu na kasa kalla sau biyu.

Da aka tashi na tarar da Dogo a ƙofar cibiya, ya jingina da motarsa. Ta wayar ƙanwarsa na aika masa cewa ya zo ya karɓa. Ya yi aski, shat ɗinsa shuɗiya a goge, takalmin ba laka. Na nuna masa tambarin bai tsage ba, na yage shi a gabansa, na miƙa masa wayar.

"Babu komai," na ce. "Hirar ba daga wayarka ta fito ba."

"Na sani."

"Na ga gidan."

"Na san za ki gani."

Ya kunna sabis, saƙonni suka yi ta faɗowa, bai kalle su ba.

"Kwana biyun nan da ba waya na samu lokacin tunani," ya ce. "Da na ɗora miki ita a cinya, jira nake ki ce ba sai kin duba ba. Ko ki jefe ni da ita. Wallahi da zagina kika yi da na koma gida da daɗi, in ce to, akwai ni a ranta."

"Ai na wanke ka."

"Ban san da datti a jikina ba, Auta."

Na nemi abin cewa. Akwai magana a wani wuri a cikina, ina jin nauyinta, amma na rasa ƙofar da za ta fito.

"Na je wurin ogana da safe," ya ce. "Na ce masa zan tafi. Gobe motar kamfani za ta tashi."

"Gidan fa?"

"Mai shi zai samu wani." Ya miƙo hannu. "Ba akwai inda ake sa hannu in an mayar wa mutum kayansa ba?"

Akwai. Na ba shi takardar, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata ba tare da na nuna masa ba. Na tsaya ina kallon motarsa har ta sha kwana, sannan na ninke takardar na sa a jaka, na je na hau tawa motar. Na wuce koren ƙyauren, an ɗaura masa sabon kwaɗo.

La'asar ta yi sanyi na shiga gida. Mama tana ɗakinta, talabijin yana yi shi kaɗai a falo. Na zauna a nan inda nake yanzu, na buɗe hoton, na rufe tsakiyarsa da babban yatsana kamar yadda aka koya mana, na ja gefen sama ya yi girma.

Rubutun manya ne, irin na wanda aka ƙara wa girma saboda ido. Kusa da agogo akwai wata 'yar alama mai siffar ƙwayar magani, irin wadda take tsayawa in ƙararrawa ta yi ba a kashe ta ba. A ɗaya gefen layi biyu ne. Na farko sabis ya cika, na biyu babu ko ɗigo, sai ɗan gicciye a kansa.

A kotu an hana mu cewa "ita ce". Sai dai mu ce "ta dace da". Masu hawan jini suna da yawa a duniya, masu ciwon ido ma haka, masu ajiye mataccen layi a waya kuma ba za a rasa ba. Ina cikin jera wa kaina wannan sai ƙararrawar ta tashi daga ɗakin da ke kusa da nawa.

"Auta, zo ki kashe min wannan abin."

Tana zaune a kan sallaya ta miƙe ƙafa, da tsohuwar rigar sanyin Baba a kafaɗarta. Na ɗauki wayar daga kan gado. Ga ƙwayar maganin a sama, ga gicciyen. Wayar Mama ba ta da lambar buɗewa, abin da ya rage kawai in shiga wurin hotuna. Ban shiga ba. Na kashe ƙarar, na ɓallo maganin, na zuba ruwa a kofi na durƙusa na ba ta. Ta haɗiye, ta riƙe kofin da hannu biyu, ta dubi fuskata. Uwa ce, ba ta buƙatar rahoto.

"Da ya tafi da ke," ta ce a hankali, "wa zai riƙa kashe min?"

"Gwaggo ce ta nuna miki yadda ake yi?"

"Ni na roƙe ta. Kar ki ga laifinta." Ta gyara riƙon kofin. "Cewa na yi ko za ki fasa, ki samu na kusa. Gidan nan in kin fita makaranta, Auta, har agogo ina jin numfashinsa."

"Ba tafiya zai yi ba, Mama. Tun watan jiya ya roƙi a bar shi saboda ke. Gida ya kama a bayan layinmu, mai koren ƙyaure."

Ta ajiye kofin a ƙasa, ruwan ya zube a gefen sallaya ba ta kula ba.

"Yanzu fa?"

"Yanzu gobe zai tafi."

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ta jawo wayar ta tura min, yadda shi ma ya tura min tasa.

"Kira shi. Da wayata, ba zai ƙi ɗauka ba. Ni zan yi masa magana, ni na ɓata."

Na rubuta sunansa. Guda biyu suka fito, ɗaya a kan ɗaya, duka da hotonsa da farar hula: lambarsa ta gaske, da wadda aka haɗa hirar da ita.

"Wanne ne nasa?" in ji Mama. "Ni na rikice."

Na san lambarsa da ka. Na danna ta ƙasa, na sa a kunne. Ta fara shiga. Sai na lura wani abu yana dukan ƙirjina daga ciki, ba a ƙofar maƙwabta ba wannan karon. Tsoro ne. Tun ranar da aka fita da Baba ban ji wani abu ya kama ni haka ba, kuma da ya zo bai zo da sauƙi ba, kun san yadda ƙafar nan take yi in jini ya fara dawowa.

Ta yi ta ringin har na cire rai. Sai aka ɗauka.

"Mama, barka da yamma," ya ce, da muryar nan tasa mai auna magana.

Mama ta miƙo hannu tana jira. Ban ba ta ba.

"Ba Mama ba ce," na ce, muryata ta tsage a tsakiya. "Ni ce."